Goron da Baba Ya Mayar

Masu bin labarina, sannunku da jira. Wanda kuma yau ya fara shigowa, matso gaba in yi maka kamar yadda nake yi wa sabon ɗalibi.

Sunana Briskila, 'yar Malam Irmiya. Hausawa ne mu, Kiristoci tun kakanni, ƙauyenmu yana bakin babbar hanyar ruwa tsakanin Kura da Bunkure. Aikina koyarwa. Duk rani mutane suna zuwa daga Chadi da Kamaru da Nijar aikin tsinkar tumatir da dashen shinkafa a wajen Kadawa. Da 'ya'yansu suke zuwa, kuma babu makarantar da take son yaron da zai tafi da zarar ruwa ya sauka. Shi ne aka kafa musu ɗan coci na kwano da rumfar karatu a gefensa. Ni ce malamar rumfar. Kowace shekara in koya musu har su fara haɗa baƙi, damina ta kwashe su, su dawo sun manta, mu koma farko.

Mu biyar muke hidimar, kuma kowa da garinsu. Fasto Gotom mutumin Pankshin ne. Sista Bolanle, mai duba marasa lafiya, 'yar Ogbomosho ce. Mazi Okorie yana da shagon kayan injin ban-ruwa, shi ne dattijon cocin. Sai Timoti, mai bishara, ɗan kudancin Chadi, wanda yake yi wa baƙin addu'a da yarensu, ya raka su asibiti, ya shiga tsakani in sun saɓa da masu gona. To, wannan Timotin ne ya ce yana sona. Ni kuma, kun dai gane.

Abu ɗaya iyayena ba su sani ba, don su tsohon cocin ƙauyenmu suke zuwa. Timoti ba ya damina a nan. In baƙin suka tattara, bin su yake yi har gida, sai kaka ya dawo. Tun farko ya faɗa mini. Ni ce kullum nake cewa gobe zan gaya wa Mama.

Ranar Asabar ɗin da za a kawo goron gaisuwa, tun da safe Mama ta share tsakar gida sau biyu, ta ɗaura atamfar zumuntar mata, ta shimfiɗa sabuwar tabarma a zaure. Ni na sa atamfata ruwan ganye mai ƙananan fulawoyi, na ɗaura kallabi na kwance, na sake ɗaurawa, alhali ba mai ganina. Abu ɗaya na ja wa Timoti kunne a kai: mai nema ba ya zuwa da kansa. Sauran na ɗauka manya sun sani.

Da muka ji sallama, ni da Mama muka laɓe bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida. Ta nan ana hango bakin ƙofa inda ake cire takalma. Ga baƙin takalmin Fasto ya sha goga. Ga ƙaton silifan fata na Mazi. Ga farin takalmin Sista Bolanle.

"Har da mace?" in ji Mama a hankali. Ta ƙara leƙawa, sai na ga fuskarta ta canja. "Briskila, ina takalmin mai masaukinsa?"

Ni a lokacin ban ma gama gane abin da take nufi ba.

An gaisa, an yi addu'a. Fasto ya yi bayani mai kyau. Mazi ya ce ko da Timoti ɗansa ne na cikinsa, haka zai yabe shi. Sista ta ce ta ga Timoti ya yini da mara lafiya a asibiti ko ruwa bai sha ba. Baba ya saurare su har suka gama, don shi ba ya katse mutum.

"Na ji, na kuma gode," in ji shi. "Ku abokan aikinsa ne, kun san shi da rana. A ina yake kwana?"

"A gidan Malam Ɗalhatu, mai makarantar Islamiyya," in ji Fasto. "Shekarunsa ke nan a can."

"Ɗalhatun da gonarmu take jere da tasa? Tafiya ya yi?"

"Yana nan."

"Ko ba shi da lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Yana nan, lafiyarsa ƙalau, bai zo ba."

Na ji Fasto ya gyara murya. Ya ce sun ga sha'anin na Kiristoci ne, shi kuma malami ne mai ɗalibai, ba su so su jawo masa abin da mutane za su yi ta magana a kansa.

"Fasto," in ji Baba, muryarsa a kwance, "a ƙasar nan baƙo ba shi da uban da ya wuce wanda ya ba shi ɗaki. Shi ya san lokacin shigarsa da na fitarsa, ya san masu sallama da shi, ya san fushinsa. In bai tako ba, ɗayan biyu ne. Ko ba ku gaya masa ba, kun raina shi. Ko kun gaya masa ya ƙi, saboda wani abu da ya sani. Duk wanda ya kasance, ba zan ci goron nan ba."

Na ji ƙarar ledar da aka tura a kan tabarma. Kunun ayan da Mama ta jiƙa tun jiya ko buɗe shi ba a yi ba.

Da suka tafi Baba ya shigo ya zauna a kan turmi. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Labarin ƙanwarsa Gwaggo Lami ya ɗauko, wadda wani baƙo mai aikin hanya ya aura tun kafin a haife ni. Shi ma mutumin kirki aka ce. Abokan aikinsa ne suka zo nema. Aiki ya ƙare, suka tafi da ita, har kakata ta rasu tana tambayar ko an ji labarin Lami.

"Ba wanda muka sani da za mu je mu buga wa ƙofa," in ji Baba. "Ba zan sake ba da 'ya a haka ba."

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado. Wayata ta yi haske.

"An dawo da goro," Timoti ya rubuto. "Mazi ya ce a garinsu in an mayar da abin da aka kai, magana ta ƙare. Ta ƙare ne?"

"Ban sani ba. Me ya sa ba ka gaya wa Malam Ɗalhatu ba?"

"Fasto ya ce kada mu sa shi a bakin mutane. Kin san abin da Fasto ya gani a garinsu lokacin rikici. Ni ma na ji tsoro. Mutumin nan ya yi mini alheri, ban so in zame masa matsala."

"Yanzu ya sani?"

Na daɗe ina kallon alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo.

"Na gaishe shi da yamma. Ya amsa, bai ɗago ba."

Ku tsaya in jera muku tsoron nawa, don biyu ne, kuma kowanne yana cin ɗan uwansa. In Malam Ɗalhatu bai zo ba, shi ke nan, Baba ba ya canja magana. In kuma ya zo, duk yankin nan an san shi ba ya ƙarya ko a cinikin kwando. Shi ne wanda yake ganin ɗakin Timoti a rufe duk damina. Addu'a nake yi ya zo, a tsakiyar addu'ar in ji ina tsoron a amsa.

Ranar Litinin na tsaya a gaban allo ina koya wa yara, sai da suka fashe da dariya na lura harafi ɗaya na cika layi da shi. Na goge, na ce su rera waƙar da suka iya. Da aka tashi Sista Bolanle ta shigo da jakarta, ta zauna a bencin yara har ya yi ƙara.

"Ni fa gwiwata har yanzu ciwo take," in ji ta. "Na durƙusa wa babanki yadda ake yi a gidanmu, ko kallona bai yi ba."

"Sista, a nan mata ba sa shiga zauren neman aure."

"Yanzu kike gaya mini? A wurinmu in ba a cika gidan da mata ba sai a ce ba a son yarinyar." Ta girgiza kai. "Mu uku muka zauna muka tsara, kowa ya kawo na garinsu. Ba wanda ya ce a tambayi na garin da muke ciki."

Ta dubi idona ta ga abin da ta gani. Ta ce yau ce ranar da take gwada wa Inna Fatsuma, matar Malam Ɗalhatu, hawan jini. In zan riƙe mata jaka, ba wanda zai ce neman miji na je.

Mun sami Inna Fatsuma a tsakar gida tana yanka tumatir tana shanyawa a kan buhuna, duk gidan ya yi ja. Ɗakin Timoti yana ta waje, kusa da zauren da yara suke karatu, na ɗauke kai da muka wuce shi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙa wa Sista hannu, amma ni take kallo.

"'Yar Irmiya, yau ke ce 'yar riƙon jaka?"

Na sunkuyar da kai.

"A bakin masu lodin kwanduna Malam ya ji," in ji ta. "A bakin titi. Wai an kai goron yaron gidansa an dawo da shi. Ya shigo ya zauna, tuwon ma kaɗan ya taɓa. Da zazzaɓi ya kayar da yaron nan, wa ya ɗaure shi a bayan babur ya kai shi Kura? Ranar layya wa yake riƙe masa ƙafar rago? Kullum Baba, Baba. Ranar da ake neman baba sai ya tafi ya aro a waje. Kin san abin da Malam ya ce? Ya ce, ashe ɗan haya ne."

Idona ya kawo ruwa. "Inna, wallahi ba raini ba ne. Tsoro suka ji kada a yi masa surutu."

"Surutu? Malam ya wuce shekarun jin tsoron surutu. Cocinku aka ce ya shiga? Zaure ne fa. Zauren Irmiya, wanda suka yi kiwon awaki tare."

"Hajiya, ki daina magana, abin yana hawa," in ji Sista tana kallon na'urarta.

"Ya hau. Ku kuka hau da shi."

Na tattaro ƙarfin hali. "Inna, zai zo?"

"Ni ba na shiga cikinsa. Ki ce wa yaron ya daina gaisuwa daga nesa, ya taka ya same shi a gona. Da Faston nasa." Ta ɗauki wuƙarta, sannan ta ƙara, ba ta dube ni ba. "Amma ki sani, Malam in ya zauna shaida ba ya rage komai. Kin gane abin da nake nufi."

Na gane.

Washegari da azahar saƙon Timoti ya shigo. "Mun je. Yana ban-ruwa. Fasto ya cire takalmi ya shiga laka har wurinsa ya ba shi haƙuri. Malam ya miƙa mini shebur ya ce in buɗe wa layin ƙarshe ruwa. Da ruwa ya cika ya ce mu tafi rana ta yi zafi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Fasto ya koma gida da wando kamar na mai dashe."

Na yi 'yar dariya.

Kwanakin da suka biyo baya ba zan iya ba ku labarinsu ba, don ban san yadda suka wuce ba. Baba yana zuwa gona yana dawowa, bai ce ya ga maƙwabcinsa ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Sau uku ina buɗe baki in gaya wa Mama zancen damina, sau uku ina cewa gishiri ne ya yi kaɗan.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina tankaɗe, sai na ji sallama da wata murya mai kauri. Rariyar ta kuɓuce mini. Mama ta riga ni zuwa bayan zana. A bakin ƙofa ga baƙin takalmin Fasto, wannan karon da busasshiyar laka a gefensa. Kusa da shi ga wani tsohon takalmin fata wanda diddigensa ya karkace.

"Irmiya, har yanzu kana juya mini ruwa a gona in na tafi salla?" in ji Malam Ɗalhatu.

"Kai ne sallarka take da tsawo. Shigo, ga tabarma."

Suka yi dariya irin ta tsofaffi. Sannan muryar Malam Ɗalhatu ta canja, ta zama ta mai magana a gaban mutane.

"Na zo ne a kan yarona Timoti. An riga ni zuwa, kuskure ne, an ba ni haƙuri, na haƙura. Yau ni na zo. Ga goronmu."

"Na ji. Faɗa mini shi."

"Ba ya sha. Mace ba ta taɓa sallama a ƙofarsa ba. In muna salla yakan kashe rediyonsa ba wanda ya sa shi. Yarana suna karatu, bai taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu komai a kan addini ba, ni ma ban taɓa hana shi nasa ba. Aibinsa, ba ya iya riƙe abu. In ya ga baƙo ba bargo sai ya ba da nasa. 'Yarka za ta sha fama da wannan. Kuma miyar da yake dafawa ko akuyata ba ta ci."

Na ji Fasto ya yi dariya kaɗan. Baba bai yi ba.

"Da saura?"

Na kama hannun Mama.

"Da saura," in ji Malam Ɗalhatu. "Ba ya damina a nan. In mutanensa suka tashi, bin su yake yi Chadi. Sai kaka."

Mama ta zare hannunta daga nawa. Ta juyo ta dube ni, ta ga ban yi mamaki ba. Wannan kallon, ku bar shi kawai. Ta juya ta koma ciki.

Ina jin kukan injin ban-ruwa daga can nesa.

"Ka san labarin Lami," in ji Baba daga ƙarshe.

"Da ni aka raka ta mota. Shi ya sa na faɗa maka da bakina, kada ka ji a titi kamar yadda na ji." Na ji ƙarar wani ƙaramin ƙarfe a kan tabarma. "Wannan makullin ɗakinsa ne, na biyun. Duk shekara in zai tafi sai ya haɗa mini da nasa, ya bar littattafansa da hoton mahaifiyarsa a ciki. Duk shekara kafin a gama yankan shinkafa sai in ji sallamarsa. Ban ce maka na san gobe ba, Irmiya. Abin da na gani na faɗa."



"Briskila," in ji Baba. "Na san kina bayan zana. Shigo."

'Yan uwa, a gidanmu ba a taɓa kiran yarinya zaure ana zancen aurenta ba. Na ja mayafin Mama da ke kan igiya na rufa, na shiga na durƙusa a bakin ƙofa, garin tankaɗe har gwiwar hannuna. Goron yana tsakiya a cikin ganyensa, wancan dai na ranar Asabar, an yayyafa masa ruwa.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Baba."

"To tambaya ɗaya. In ruwa ya sauka, a ina za ki yi damina?"

Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Ban san yarensu ba sai 'yan gaisuwa, ban san abincinsu ba, ban san hanyar ba sai abin da nake ji na shingaye da rana da motocin da suke lalacewa a daji. A raina na ga Gwaggo Lami da ban taɓa gani ba tana hawa mota. Da na ce a gida zan zauna in jira shi, da Baba ya ci goron nan da murna. Bakina har ya ɗauko hanyar faɗin haka. Sai na ga Malam Ɗalhatu yana kallona, mutumin da ya tako har nan bai rage komai ba.

"Baba, ina jin tsoro," na ce. "Amma yaran da nake koya wa karatu, su ma tafiya suke yi. Kullum su dawo mini sun manta. In an ba ni shi, zan bi su."

Fasto ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi. Baba ya miƙa hannu ya buɗe ganyen, ya zaɓi fari guda, ya ɓare shi. Ya miƙa wa Malam Ɗalhatu ɓari, ya riƙe ɓari.

"Ɗalhatu, makullinsa yana wurinka. Na ɗakinta a wurina zai zauna. Shekarar da aka gama yankan shinkafa ban ga ta zo ta karɓa ba, ƙofarka zan buga."

"Ka buga," in ji Malam Ɗalhatu. "Tare za mu hau mota."

Baba ya kai goron baki.

Ban san yadda na fito ba. Na so in shige ɗakina in yi kukan da nake ta riƙewa, in rubuta wa Timoti kalma ɗaya tak. Sai na tarar da ƙofar a rufe, an datse kwaɗon. Tuwo yana kan wuta yana ƙauri ba mai tuƙawa. Mama tana zaune a bakin ɗakinta, tana ƙulle makullin ɗakin nawa a gefen zaninta, ta ja ƙullin da haƙori.

"Babanki ya bayar," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Ni ba a tambaye ni ba tukuna."